Kiɗan Indiya Na Da Da Na Yanzu: Gardamar Da Na Tarar A Jalingo

 Bana Allah ya nufa na yi Babbar Salla a Jalingo, bayan na daɗe rabona da garin. Kowa ya sani wanda ya je ganin gida ba ya dawowa hannu sake. Wani ya riƙo doyar Mumuye, wani busasshen kifin Binuwai, wani ganyen shayin Mambila. Ni kuwa tsarabar da na riƙo muku ba ta shiga buhu, domin wata gardama ce na tarar ana tafkawa a shagon ɗinkin Baffana, a kan wani abu da yawancinmu muka tashi da shi a kunne tun muna 'yan yara, watau waƙar Indiya.

Shi Baffan nawa tela ne, ya ba shekara 80 baya, idonsa ya yi rauni har ya bar wa yara keken, amma bai bar zaman shago ba. Yana da wata tsohuwar rediyo mai cin kaset wadda ya saya tun Jalingo tana cikin Jihar Gongola, kafin a ƙirƙiro Taraba a 1991. Kaset ɗin duk sun tsittsinke, sai wani jikansa, wanda yake ɗan ƙanwata ne, ya zuba masa waƙoƙin a wayar hannu. Ranar da na isa shagon da la'asar, na tarar muryar Mohammed Rafi tana tashi a hankali, tsoho ya lumshe ido yana kaɗa kai, yaro kuma yana guga yana tsaki.

"Kai tsoho," in ji yaron, "wannan kukan naka ba ya ƙarewa ne? Mutum ya yi ta jan baƙi ɗaya kamar mai ciwon haƙori!"

Baffa bai ko buɗe ido ba ya ce, "Ja'iri, naku da inji yake rera muku, wanne ne ya taɓa kai Sallar baɗi?"

Wasan jika da kaka ne, kowa ya yi dariya. Amma sai yaron ya juyo gare ni ya ce, "Kawu, kai da ka zauna Ikko ka ga duniya, raba mana gardama." Na ce masa wannan ba maganar tsaye ba ce. Kwana goma na yi a garin ina juya ta a raina, ga abin da na fito da shi.

YADDA ABIN YA SHIGO MANA

Tsofaffi sun san tarihin, yara ne ba su sani ba. Kwarori, watau 'yan kasuwa mutanen Lebanon, su ne suka riƙe yawancin gidajen sinima na Arewa. A Kano an buɗe Rex tun 1937, daga baya aka sami su Palace da Plaza da Eldorado da Marhaba. Cikin shekarun 1950 suka fara shigo da finafinan Indiya suna gwada su tare da na kaboyi, sai ga shi Bahaushe ya rungumi na Indiya hannu biyu. Dalili a fili yake. Mutum ya ga maza da rawani, mata suna rufe kai, yarinya tana jin kunyar surukai, uba ya ce ga wanda za ki aura, talaka yana fama da mai ba da bashi da ruwa. Wannan duk abin gidanmu ne. Fim ɗin Mother India na 1957, wanda Nargis ta fito a ciki, an yi shekaru ana maimaita shi a sinimun Arewa, kuma akwai mutanen da suka haddace shi daga farko har ƙarshe alhali ba su jin kalma goma ta Indiyanci. Mu da muka yi ƙuruciyar ci-rani a nan Kudu kuwa, wa zai manta da Pen Cinema ta Agege? Yau sinimar babu ita, sai sunan da ya bi unguwar.

Daga sinima waƙar ta fito titi. Abdu Yaron Goge na Jos ya ɗauki karin waƙar Indiya ya ɗora masa Hausa a kan gogensa. 'Yan matan makarantun Islamiyya suka riƙa rera waƙoƙin makaranta da irin wannan kari. A Kano har aka sami ƙungiyar masu bandiri da ake kira Ushaƙu Indiya, waɗanda suke yabon Annabi (S.A.W.) da karin waƙoƙin finafinan. Wani Bature mai bincike, Brian Larkin, ya zauna Kano ya yi littafi a kan wannan sha'ani mai suna Signal and Noise a 2008, haka kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce da dama a kai.

To amma ga inda maganar take. Abin da muka sha a sinima ruwan randa ne, ba mu taɓa zuwa bakin rijiyar da aka ɗebo shi ba. Waƙar fim a wurin Indiyawa kansu waƙar kasuwa ce. A bayanta akwai wani tsohon ilmin kiɗa wanda ya girmi sinima da ɗaruruwan shekaru, kuma daga gare shi ne mawaƙan finafinan da suka ɗebo abin da ya sa Baffana yake lumshe ido har yau.

RIJIYAR DA AKA ƊEBO

Wannan ilmi ya kasu gida biyu. Akwai na kudancin Indiya da ake kira Karnatik, akwai kuma na arewa da ake kira Hindustani, wanda ya girma a fadojin sarakunan Musulmi, ya cuɗanya da kiɗan Farisa. Amir Khusrau, almajirin Shehu Nizamuddin Auliya na birnin Delhi, wanda ya rasu a 1325, shi ake dangantawa da kafa waƙar ƙawwali ta Sufaye. Tansen kuma shi ne sarkin kiɗan Sarki Akbar, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605. Har yanzu kowace shekara makaɗa suna taruwa kusa da kabarinsa a garin Gwalior suna kwana suna kiɗa. Ana ma ba da labarin wai in ya rera wani kari fitila takan kama da kanta, amma wannan mu bar shi a jakar su gizo da ƙoƙi.

Ginshiƙin ilmin abu biyu ne, raga da tala.

Raga ba waƙa ba ce, kuma ba amshi ba ne. Indiyawa suna da matakan murya bakwai, kamar matakalar bene, suna kiransu sa, re, ga, ma, pa, dha, ni. Kowace raga ta zaɓi waɗansu daga cikin matakan nan, galibi ba su kasa biyar ba, ta shimfiɗa dokar yadda za a hau su da yadda za a sauko, da wanda za a daɗe a kansa, da wanda za a shafa kawai a wuce, da wanda ba a taɓawa ko kusa. A cikin wannan shinge mawaƙi yana da ikon ya yi yadda ya ga dama, shi ya sa ko mutum guda ya rera raga guda sau ɗari, ba za ka ji biyu sun zama ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kowace raga da lokacinta. Bhairav ta asuba ce, Yaman ta bayan faɗuwar rana, Darbari da Malkauns na tsakar dare, Malhar kuma ta damina. Gwanin da ya san kansa ba zai yi maka ta dare da hantsi ba ko nawa za ka ba shi. Wannan bai kamata ya zama baƙon abu ga Bahaushe ba, domin mu ma mun san taken noma daban, na farauta daban, na maƙera daban, kuma ba a buga tambarin sarki don talaka ya yi rawa.

Tala kuwa ita ce lissafin bugu. Akwai mai bugu 16 da ake kira tintal, akwai mai 12, da mai 10, da mai 7. Mai rera waƙa da mai ganga kowa yakan bi hanyarsa, su yi nisa kamar sun ɓace wa juna, sa'an nan su zo su faɗo tare a kan bugun farko, daidai ba gaba ba baya. A nan ne masu sauraro sukan yi kabbara irin tasu. Gangar tasu, tabla, tagwaye ce, kowace da baƙin tabo a tsakiyar fata, irin danƙon nan da makaɗanmu suke liƙa wa kotso don muryarsa ta fita. Kowane bugu yana da sunansa da ake faɗa da baki, har yaro yakan haddace kiɗan da harshe kafin hannunsa ya iya.

Shi kuma jan baƙin da ɗan ƙanwata ya kira ciwon haƙori, sunansa alap. Shi ne buɗe taro. Babu ganga, babu amshi, sai wani molo mai tsirkiya huɗu da ake kira tanpura yana ta gunji a baya, mawaƙi kuma yana gabatar da matakan ragar ɗaya bayan ɗaya kamar mai gabatar da baƙi a zaure. A fim ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi, amma a dandalin gwanaye yana iya cin rabin sa'a ko fiye. Wanda bai saba ba dole ya ƙosa. Turawa ma sun taɓa yin abin dariya a kan haka. A 1971, a taron kiɗan da aka yi a New York don taimakon mutanen Bangladash, Ravi Shankar da Ali Akbar Khan suka zauna suna gyara tsirkiyoyin kayan kiɗansu, da suka gama sai jama'a suka ɓarke da tafi, suna tsammani an gama waƙar farko ke nan. Ravi Shankar ya yi musu godiya, ya nuna musu cewa ba a ma fara ba tukuna.

Ba a koyon wannan abu da karambani. Almajiranci ake yi sosai, irin na zaure. Shi Ravi Shankar ɗin, yana saurayi ya riga ya zaga Turai da Amurka cikin ƙungiyar rawa ta wansa, amma a 1938 ya watsar da wannan duka ya tafi wani ƙaramin gari wai shi Maihar, ya zauna gaban malaminsa Ustaz Allauddin Khan har 1944. Ɗan malamin, watau Ali Akbar Khan, ana cewa uban yakan sa shi bita har sa'a 18 a rana. Kowane gidan kiɗa da salonsa da silsilar malamansa, suna kiransa gharana, kuma makaɗi yakan faɗi wanda ya koya masa da wanda ya koya wa malaminsa, kamar yadda almajiri yake jero waɗanda ya ɗauki karatu a wurinsu.

DALILIN DA YA SA TA BAFFA BA TA TSUFA

Mutanen da suka yi waƙoƙin finafinan 1950 zuwa 1970 yawancinsu daga irin wannan zaure suka fito. Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a Fabrairun 2022 tana da shekara 92, ubanta Deenanath gwanin tsohon kiɗa ne, bayan rasuwarsa kuma ta yi karatu a wurin Ustaz Aman Ali Khan. Rafi, wanda ya rasu a 1980, shi ma ya zauna gaban malamai. Mai tsara kiɗa Naushad kuwa ya ɗaure wa kansa cewa sai ya kai raga kunnen mai kwabo. A fim ɗin Baiju Bawra na 1952 ya gina waƙoƙin a kan ragogi irin su Darbari da Malkauns, ya gayyato manyan gwanaye biyu, Ustaz Amir Khan da D. V. Paluskar, suka yi gasar murya a ciki. Mutane suka ce talaka ba zai saurara ba, sai ga fim ya ci kasuwa, Naushad kuma ya karɓi lambar Filmfare ta farko da aka taɓa ba mai tsara kiɗa, a 1954. Da aka zo yin Mughal-e-Azam na 1960, ana neman wanda zai rera muryar Tansen, sai aka je wurin Ustaz Bade Ghulam Ali Khan, wanda yake ganin waƙar fim ƙasƙanci ce. Ana ba da labarin ya yanka kuɗi rupi 25,000 kowace waƙa don a rabu da shi, a lokacin da su Lata da Rafi ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Mai fim ya ce ya biya.

A zamanin nan kuma mawaƙi da makaɗa masu yawa a ɗaki guda suke tsayawa a ɗauki waƙa gaba ɗaya. Wanda ya yi kuskure a ƙarshe, kowa ya koma farko. Saboda haka abin da ya shiga faifai murya ce ta gaskiya wadda ta sha wuya, an ɗora ta a kan kari wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana gogewa. Mutumin da ba ya jin Indiyanci ko kaɗan, yana zaune a Jalingo, yana iya gane wannan ta baƙin ciki ce, wannan ta bege ce, domin ragar tana ɗauke da abin tun kafin a sa mata kalmomi. A ganina wannan shi ne sirrin.

Daga baya kiɗa ya sauya. Waɗanda suka ga Disco Dancer na 1982, da Mithun Chakraborty da kiɗan Bappi Lahiri, sun ga mafarin abin. Kayan lantarki suka shigo, makaɗi guda ya maye gurbin talatin. Yau kuwa kwamfuta tana miƙe wa mawaƙi muryarsa in ta karkace, kuma kamfanonin Mumbai sun shiga tono tsofaffin waƙoƙin su Rafi suna sa musu sabon bugu suna sayarwa. Ni dai ban taɓa ganin an tono abin da ba shi da daraja ba.

Mu ma nan haka ta faru, har ma ta fi. Finafinan Hausa na bidiyo sun fara da Turmin Danya a 1990, kafin shekara goma kuma waƙa da rawa irin ta Indiya sun zama gishirin kowane fim, ana buga su da fiyano ɗin Yamaha a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano. Aka sami abin da ake kira nanaye. Watau mun kwaikwayi mai kwaikwayo. Indiyawa sun ɗebo daga rijiyarsu suka zuba a randa, mu kuma muka ɗebo daga randarsu muka ƙara ruwa, muka bar tamu rijiyar tana cikewa da yashi.

Akwai wani abu game da fiyano da ya kamata a sani. Tsakanin mataki da mataki na murya akwai fili, kuma a cikin filin nan ne gwanin Indiya yake zamiya, ya ja murya daga wannan zuwa wancan ba tare da ya yanke ba. Goge yana iya yin haka, sarangi ta Indiya wadda take 'yar'uwar goge ita ma tana iyawa, amma abin da ake dannawa da yatsa ba ya iyawa, sai dai ya yi tsalle. Saboda wannan ne gidan rediyon Indiya ya hana sa harmoniya, wani ƙaramin fiyano mai zuga-zugi, daga 1940 har 1971. Mu kuma namu rashin ya fi nan. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kalangu kuma yana bin hawa da saukar nan har ya yi magana, ya kira sunan mutum, ya yi masa kirari, ya yi wa abokin gabansa habaici. Wanda ya ji Shata da 'yan kalangunsa ya san mawaƙi da makaɗa hira suke yi. Bugun da ke cikin inji ba ya jin Hausa, ba ya amsawa, iyakarsa ya yi ta maimaita abin da aka danna masa.

YARON MA YANA DA TASA GASKIYAR

Kada a ce na goyi bayan tsoho don shi ne Baffana. Da muka zauna da yaron da dare ya faɗa mini abin da ban iya musawa ba. Ya ce abokansa nawa ne suke cin abinci da wannan fiyano, suna waƙar biki da ta siyasa da ta talla, waɗanda in ba don shi ba da suna zaman kashe wando? Ya ce ɗan malam ko ɗan mai unguwa da can bai isa ya taɓa kalangu ba, sai a ce ya zama maroƙi ya zubar da mutuncin gida, amma yau yana shiga situdiyo ba wanda zai zage shi. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, domin mu ne muka raina makaɗanmu, muka ƙi ba su 'ya'yanmu aure, sa'an nan muka dawo muna kukan gado ya ɓace. Bugu da ƙari, cikin mawaƙan yanzu akwai masu azanci na gaske, irin su Aminu Ala, waɗanda ko Ɗanƙwairo ya ji baitinsu zai gyaɗa kai. Ita kanta waƙar da ba duka ce ta ƙwarai ba. An yi tarkace da yawa a zamanin su Rafi, mantawa da su aka yi, muka riƙe masu kyau muna auna su da duk abin da aka fitar jiya.

Kuma dole ba ta gyara kunne. Indiya ta gwada. Wani ministan watsa labarai, B. V. Keskar, wanda ya riƙe muƙamin daga 1952 zuwa 1962, ya ga waƙar fim tana lalata tarbiyya, sai ya matse ta a gidan rediyon gwamnati ya cika shi da tsohon kiɗa. Jama'a ba su yi gardama ba, sai kawai suka murɗa akwatinsu zuwa rediyon Silon, ƙasar da ake kira Sri Lanka yanzu, inda Ameen Sayani yake jero musu waƙoƙin fim kowace Laraba. A 1957 gwamnati ta sauko ta buɗe tashar Vividh Bharati don waƙoƙin nan da ta kora. Masu hukumomin tace waƙa na wajenmu, da su karanta wannan labari. Maganar halacci ko haramcin kiɗa kuwa ta malamai ce, ba ni da ta cewa a ciki.

Amma fa Indiya ba hani kaɗai ta yi ba, ta yi gini. Ta kafa hukumar Sangeet Natak Akademi a farkon shekarun 1950 don kula da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo. Gidan rediyo ya ɗauki gwanaye aiki yana biyansu, ya adana muryoyinsu. Jami'o'i suna ba da digiri a kan raga. A 1977 wani malami a Delhi, Kiran Seth, ya kafa ƙungiyar da take ɗaukar manyan ustazai ta kai su makarantu su yi wa yara kiɗa kyauta. Shi ya sa har mai kiɗan zamani irin A. R. Rahman, wanda ya ci lambar Oska biyu a 2009, ya buɗe makaranta a Chennai inda ake koyar da tsohon ilmin tare da na Turawa. Zakir Hussain, gwanin tabla ɗan gwanin tabla Alla Rakha, ya karɓi lambar Grammy uku a dare guda a Fabrairun 2024, kafin rasuwarsa a Disamban shekarar. Sabo da tsoho suna zaune gida ɗaya, kowa da ɗakinsa.

ALGAITA

Abin da ya fi tsaya mini a rai ranar hawan Salla na gan shi. Jalingo gari ne na sarauta, nan ne fadar Sarkin Muri tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma ranar Salla dawaki da 'yan bindiga da masu bushe-bushe duk suna fitowa. Na tsaya kusa da masu algaita ina kallon yadda suke kumbura kumatu, suna shaƙar iska ta hanci alhali busa ba ta yanke ba. Wannan ba aikin wata guda ba ne, ba kuma na shekara guda ba. Waɗanda idona ya faɗa a kansu masu furfura ne. Samari sun kewaye su, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka, amma ban ga yaro riƙe da ƙaramar algaita a bayansu yana koyo ba. Yau ma in ka ce wa yaro "Algaita", abin da zai fara zuwa ransa shi ne kamfanin nan na Kano mai fassara finafinan Indiya da Hausa.

Indiyawa suna da tasu algaitar, sunanta shehnai. Dangi ɗaya ne da tamu, sai dai tamu ba ta wuce huda huɗu ba, tasu kuwa tana da shida zuwa tara. Da can ita ma abin busa ce ta ƙofar fada da gidan biki, kamar yadda makaɗan sarakunanmu suke yi daren Juma'a, kuma masu busa ta ba a ɗauke su a bakin kome ba. Sai aka haifi wani yaro Musulmi a 1916, Bismillah Khan, ya tashi a hannun kawunsa Ali Bakhsh a birnin Banaras, ya yi shekaru yana bita a bakin kogi, har ya sa shehnai ta iya duk abin da muryar ustazai take yi da raga. Ranar 15 ga Agusta 1947, da Indiya ta sami mulkin kai, shi aka kira ya yi busa a Jan Ganuwa ta Delhi. A 2001 aka ba shi Bharat Ratna, lambar da ta fi kowace girma a ƙasar, shekara guda da Lata Mangeshkar. Da ya rasu a 2006 gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na ƙasa baki ɗaya. Mai algaita fa ke nan.

Mu ma ba a rasa karramawa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Amma Ɗanƙwairo ya tafi a 1991, Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya a 2015, kuma mutumin muka karrama, ba mu gina wa sana'ar zaure ba. Ku da kuke zaune cikin Yarabawa kun ga bambanci da idonku. Gidajen Ayan har gobe suna koya wa 'ya'yansu ganga, kuma ba a yin fuji ko juju, kai har waƙar coci da ta samarin yanzu, ba tare da gangarsu mai magana ta sa baki ba. Gogen da marigayi Yusuf Olatunji ya yi suna da shi a kiɗan sakara, daga wajenmu ya gangaro. Jami'ar Jihar Taraba tana nan Jalingo tun 2008, ga gidan rediyo da talabijin na jiha, a jihar da take da ƙabilu masu yawan gaske, kowace da abin busarta da gangarta. Ɗaki guda da albashin tsofaffi biyar da na'urar ɗaukar murya sun isa a fara.

Daren da zan taso na koma shagon yin sallama. Na nemo busar Bismillah Khan a wayata na miƙa wa yaron ban ce masa kome ba. Ya saurara kaɗan, ya ɗago kai ya ce, "Kawu, wannan ai algaita ce." Na ce ita ce. Ya yi shiru har mai tabla ya shigo, sa'an nan ya ce in tura masa, wai akwai wani wuri a tsakiya da zai yanko ya kai wa abokinsa mai situdiyo su ɗora masa bugu. Baffa ya yi dariya har da tari, ya ce in tura masa duka, kada in yanke ko kaɗan, in ya so ya nemi wurin da kansa.